Wai da gaske akwai gwajin jinin da ke nuna sugan ciki tun bai zo ba?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah ma'aikatan lafiyar da ke nan ku taimaka mana. Wata ƙawata ce ke ce min wai yanzu an gano wasu furotin a jinin mai ciki da ke nuna ko za ta kamu da ciwon suga tun cikin yana wata biyu ko uku, wai ba sai an jira wata shida an ɗura wa mutum wannan ruwan zaƙin mai tayar da zuciya ba. Da gaske ne ko zancen intanet ne? In da gaske ne meye sunan gwajin, ni gara na biya a ɗebi jini sau ɗaya a wuce wajen.

Ummu_Sultan: Wa alaikissalam. Ruwan nan kam ba daɗi wlh, ga shi a hana ki cin komai tun dare sannan ki zauna awa biyu a benci. Ina nan ina jiran amsa nima.

Sista_Rabi: Maman Ilham a wajen awo dai ba mu da wannan gwajin, abin da muke yi shi ne na shan giram 75 na gulukos tsakanin sati 24 zuwa 28. A ɗebi jini kafin ki sha, a sake bayan awa ɗaya, a sake bayan awa biyu. In na farko ya kai 5.1, ko na biyu ya kai 10.0, ko na uku ya kai 8.5, ko da ɗaya ne kawai ya kai, toh an kira shi sugan ciki. Ma'aunin hukumar lafiya ta duniya WHO ne na 2013. Wadda muke zarginta tun farko, kamar mai ƙiba sosai ko wadda ta taɓa yi a cikin baya ko ta taɓa haifar ƙaton jariri, ita tun zuwan farko ake duba suganta.

Dr_Mukhtar: Hajiya ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, gaggawa ta yi. Binciken akwai shi, amma gwajin bai shigo asibiti ba tukuna, ko a ƙasashen da suka yi binciken.

Bari na fara daga tushe. Duk mai ciki, har wadda lafiyarta ƙalau, in ciki ya tsufa jikinta yana rage jin insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, jin nan yakan ragu da kamar rabi a watannin ƙarshe. Shiri ne na halitta domin suga ya ɗan daɗe a jinin uwa ya samu ya tsallaka wa jariri. Kamar baƙo ne ke sallama a ƙofar gida mutan gidan sun yi nisa, dole ya ɗaga murya kafin a amsa. Yawancin mata fankiriyas ɗinsu, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, tana iya ƙara yawan da take fitarwa sai suga ya zauna daidai. Wadda tata ta kasa cike gibin ita ce suga ke hau wa.

Abin da ake ta nema shi ne me ke kawo rashin jin nan. An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadaran da mabiyiya ke zubowa cikin jini, irin su hPL, saboda suna ƙaruwa yayin da ciki ke girma, kuma da an haihu mabiyiya ta faɗo sai suga ya sauka cikin kwanaki kaɗan. A 2024 wata likita a jami'ar Harvard ta Amurka mai suna Marie-France Hivert da abokan aikinta suka binciki mabiyiya fiye da 400 na matan wani gari a Kanada, suka ga wani furotin mai suna IGFBP-1 shi ya fi tafiya tare da yadda jikin uwa ke jin insulin. Matan da yake da yawa a jininsu jikinsu na jin insulin da kyau, waɗanda yake ƙasa tun watannin farko su suka fi kamuwa daga baya. Ina jin wannan ƙawarki ta gani.

Maman_Ilham: Ikon Allah. Toh likita tunda an gani me ya hana a fara yi?

Abu_Hanif_Lab: Ni a lab nake, bari na amsa wannan. Ganin cewa abu yana ƙasa a rukunin mata kaza daban, iya cewa ke Hajiya wance za ki kamu daban. Za ki samu mace nata yana ƙasa ta haihu lafiya ba suga, wata nata daidai amma ta kamu. Kafin gwaji ya shigo lab sai an tsayar da lamba an ce daga nan zuwa nan lafiya, sai na'urar Kano ta ba da abin da ta Legas za ta bayar, sai an gwada a mutane iri-iri. Ba a kai nan ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, an daɗe ana maganar wasu furotin na jini masu suna adifonektin da SHBG, duk ana ganinsu ƙasa a matan da daga baya suga ke kamawa, shekaru ana rubutu a kansu har yau ba wanda ya ture ruwan zaƙin da kuke gudu.

Hajiya_Babba: Mu dai a zamaninmu ba mu san wannan ba, muka haihu tara goma lafiya lau. Yanzu komai sai an ce gwaji.

Sista_Rabi: Hajiya Allah ya ƙara girma, amma ki tuna matan da ake cewa suna ta haifar 'ya'ya ƙatti ba rai, ko naƙuda ta yi tsawo kai ya fito kafaɗa ta maƙale. A da sai a ce iska ce ko wabi. Wasu daga cikinsu suga ne ba a auna ba.

Hajiya_Babba: Wannan kuma haka ne 'yata, akwai kishiyar yayata da ta sha wannan wahalar, daga baya da girma ya zo aka ce tana da suga har ido ya taɓu. Allah ya jiƙanta.

Zee_Kaduna: Amin. Ni abin da ya ɗaure min kai a maganar Abu Hanif, na ji an ce adifonektin ɗin nan kitse ne ke yin sa, toh ai kamata ya yi mai ƙiba ta fi kowa yawansa ko?

Dr_Mukhtar: @Zee_Kaduna tambaya mai kyau. Kitse ne ke yin sa amma abin mamaki yayin da kitse ke ƙaruwa, musamman na tumbi, shi raguwa yake. Aikinsa taimaka wa hanta da tsoka su ji insulin. Akwai ɗan uwansa leftin, shi kuma ƙaruwa yake da ƙiba, kuma mabiyiya ma na yin sa. SHBG kuwa hanta ke yi, in insulin ya yi yawa a jini sai hanta ta rage shi, shi ya sa ake ganinsa ƙasa a mata masu PCOS, waɗanda al'adarsu ke rikicewa gashi na fito musu a haɓa. Su ma suna cikin waɗanda sugan ciki ya fi kamawa.

Injiniya_Sani: Likita da izininka ina da ja. Na ɗan karanta cewa shi IGFBP-1 ɗin in babu ciki hanta ce ke yin sa, kuma insulin ne ke danne shi. Toh in haka ne, macen da jikinta dama ba ya jin insulin sosai tun kafin ciki, insulin zai yi yawa a jininta, shi kuma zai danne furotin ɗin. Kenan raguwarsa ba ita ta kawo ciwon ba, ciwon ne ya kawo raguwarsa. Ta ina aka san wanne ya riga wanne?

Dr_Mukhtar: Injiniya ja ɗinka na kan hanya, kuma masu binciken ma ba su ce sun gama warware wannan ba. Abin da suka kafa hujja da shi, furotin ɗin yana hawa yayin da ciki ke girma ya faɗi bayan haihuwa, wanda ke nuna daga ɓangaren mahaifa yake zuwa a lokacin, kuma alaƙar ta tsaya ko bayan sun cire lissafin ƙiba da sauran abubuwan da aka sani. Amma alaƙa ce. In don hasashe ake so ba dole sai ya zama sanadi ba, ya isa ya riƙa faɗin gaskiya. In magani ake so a yi da shi, nan ne tambayarka ke da nauyi.

Sista_Rabi: Abin dariya, wannan IGFBP-1 mu ungozomomi mun san shi ta wata hanyar. Yana da yawa a ruwan faya, akwai ɗan tsinken gwaji Actim PROM da ake duba shi da shi in mace ta ce tana ganin ruwa na zuba ba a tabbatar faya ce ta fashe ba. Ba ko'ina ake samu ba dai. Kar wata ta ji suna ta je ta ce a yi mata shi don suga, ba ruwansa.

Ummu_Sultan: Toh ni a cikina na biyu fitsari kawai ake duba min duk zuwa awo ana cewa ba suga, na haifi yaro kilo 4.4 da ƙyar, kowa na tubarkallah ana yaba min, sai ga yaron yana ta karkarwa ba ya kama nono aka ce sugansa ne ya faɗi aka kwantar da mu. Har yau ban gane ba, ni ce ake zargin sugana ya hau, shi kuma nasa ya faɗi??

Dr_Mukhtar: Sannu Hajiya. Suga yana tsallaka mabiyiya, insulin ɗin uwa ba ya tsallakawa. Sai jariri ya riƙa samun suga mai yawa, fankiriyas ɗinsa ta yi ta zubo nasa insulin ɗin, shi ke sa shi tara kitse ya yi girma. Ana yanke cibi sugan uwa ya tsaya, insulin ɗinsa kuma yana nan da yawa, sai sugansa ya faɗi. Wani likita ɗan Denmak, Pedersen, shi ya yi wannan bayanin tun shekarun 1950. Shi ya sa ake so a sa irin jariran nan a nono da wuri a riƙa duba sugansu. Fitsari kuma ba abin dogaro ba ne, mai ciki na iya zubar da suga a fitsari jininta ƙalau, wata kuma jini ya hau fitsari bai nuna ba.

Ramatou_Maradi: Salamu alaikum, ku yi min haƙuri, mu nan Maraɗi takardar lokotoro ba 5.1 ake rubutawa ba, ni 0,95 aka rubuta min in ban ci komai ba. Ya zan gane?

Abu_Hanif_Lab: Hajiya Ramatu ku lissafin Faransa kuke bi, giram a lita. A naku iyakokin su ne 0,92 da 1,80 da 1,53. Masu ƙaramar na'urar gida da ke nuna manyan lambobi kuma 92 da 180 da 153, duk abu ɗaya ne, 5.1 sau 18 ne ya ba da kusan 92. Naki 0,95 ya ɗan haura, ki koma wa lokotoronki da takardar kar ki bari sai awo na gaba.

Ramatou_Maradi: To madalla, na gode ƙwarai.

Fati_Manchester: Mu nan Ingila kuma iyakar daban ce, 5.6 kafin a sha, 7.8 bayan awa biyu, ba a ma ɗiban na awa ɗaya. Kenan Ramatu da a nan take da wannan lambar ta farko ba za a ce tana da shi ba sai an ga ta awa biyu. Abin nan na ba ni mamaki, ciwo ɗaya ma'auni biyu.

Dr_Mukhtar: Haka ne. Dalili shi ne babban binciken da ake kira HAPO da aka fitar a 2008, mata fiye da 23,000 a ƙasashe 9, ya nuna babu wata lamba da haɗari ke farawa daga ita, a hankali yake hawa tare da suga. Sai kwamitoci suka zauna kowa ya ja layi inda ya ga ya dace da ƙarfin asibitocinsa. Kuma ku lura, cikin ƙasashen 9 ɗin nan babu ta Afirka ko ɗaya.

Injiniya_Sani: Ka ji ko. Toh shi ma na furotin ɗin matan Kanada da Amurka ne, wa ya ce lambar da ta yi aiki a kansu za ta yi a kan matar Gumel mai fama da maleriya da ƙarancin jini?

Abu_Hanif_Lab: Wannan shi ne damuwata nima, kuma muna da misali a hannu. HbA1c ai furotin ne na jini, himogulobin ne da suga ya manne masa, yana nuna yadda suga yake a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Gwaji mai sauƙi ba azumi ba ruwan zaƙi. Amma a nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wasu na'urorin na rikicewa da shi, mai SS kuwa ƙwayoyin jininta ba sa daɗewa sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Ƙarancin sinadarin ayon kuma yana iya ɗaga ta. Ga shi ciki kansa na sauke ta. Shi ya sa ba a yanke hukuncin sugan ciki da shi, sai dai a farkon ciki a gano wadda dama tana da suga ba ta sani ba.

Maman_Ilham: Kai, ni AS ce ma. Wato dai ba mafita sai na sha ruwan nan 😭

Zee_Kaduna: Ki roƙe su su sa miki a ruwa mai sanyi, ki sha a hankali cikin minti biyar, ni haka na yi ban yi amai ba. Ki tafi da abincinki a kula ki ci ana gama ɗiban na ƙarshe.

Baban_Amira: Ku gafarce ni na shigo zancen mata. Uwargida ce aka ce tana da shi, an hana ta tuwo da shinkafa da fura, toh me za ta ci fisabilillahi? Kuma an ce in bai sauka ba allura za a fara, ita kuma tana tsoro wai in aka fara allurar insulin ba a dainawa har mutuwa.

Sista_Rabi: Malam ba hana ta aka yi gaba ɗaya ba ina jin, ragewa ake nufi, mai ciki ba a barinta da yunwa. Malmala ƙarama miya da yawa, ganye irin zogale da rama da alayyahu, wake, ƙwai, kifi, gyaɗa. Ta raba abincin kaɗan-kaɗan maimakon ta cika ciki sau biyu. Abin da ya fi saurin ɗaga suga abin sha ne, lemon kwalba, zoɓo da kunun da aka zuba wa suga, shayi mai kauri, har zuma. Ta ɗan taka ƙafa bayan cin abinci ko a tsakar gida ne. Mata da yawa wannan kaɗai ke isarsu. Allura kuma yawanci ranar haihuwa ake dainawa tunda mabiyiyar da ke kawo matsalar ta fita.

Dr_Mukhtar: Ƙari kan na Sista, insulin shi kansa furotin ne, shi ya sa ba a haɗiyarsa, ciki zai narkar da shi kamar nama. Kuma ba ya kai wa jariri. Akwai ƙwayar metformin da ake ba wasu, ita tana tsallakawa, likitanta ne zai zaɓa.

Hajiya_Babba: A ba ta ruwan shuwaka da garin hulba, suna sauke suga.

Sista_Rabi: Hajiya a miya ba laifi, amma jiƙo mai ƙarfi ga mai ciki a bari dan Allah, ba a san awonsa ba, kuma sai ta dogara da shi ta daina aunawa.

Baban_Amira: Azumi fa in ya riske ta a haka?

Malam_Auwal: Shari'a ta yi wa mai ciki rangwame in tana tsoron cutuwa a kanta ko abin da ke cikinta, balle an haɗa da ciwo. Yadda za ta rama ta tambayi malamin da kuke bi. Amma kar ta yi jarumta da allura a jiki.

Fati_Manchester: Ina so na koma kan tambayar Maman Ilham ta farko. A ce ma gwajin ya fito gobe an gane tun wata biyu, sai me? Akwai amfanin sani da wuri ko tashin hankali ne kawai za a ƙara wa mace?

Dr_Mukhtar: An gwada wani abu kusa da wannan. Binciken TOBOGM da ya fito a 2023, yawancinsa a Ostareliya, sun ɗauki matan da aka ga sugansu ya hau kafin sati 20, wasu aka fara kula da su nan take wasu aka jira. Jariran waɗanda aka fara da wuri sun ɗan fi samun sauƙin matsaloli, musamman na numfashi. Bambancin ba babba ba ne amma akwai shi. Wani abin lura, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka jira, da aka sake gwada su daga baya sai aka ga sugan ya koma daidai.

Injiniya_Sani: Kenan da an sa musu suna masu ciwo a banza.

Abu_Hanif_Lab: Ko kuma an ce musu su rage lemo su riƙa tafiya, wanda ba zai cuce su ba. Ni dai gskiya abin da ya fi damuna ba sabon gwaji ba ne, wanda muke da shi ma mata nawa ake yi wa? Da yawa sai ciki ya kai wata bakwai suke fara awo, a ƙananan asibitoci tsinken gwajin suga ma yankewa yake. In jini ya daɗe a kwalba ba a sa shi a wadda ta dace ba ƙwayoyin jini na cinye sugan, lamba ta fito ƙasa a ce mata lafiya lau.

Ummu_Sultan: Wani abin da ba a faɗa mana kuma shi ne bayan haihuwa. Ana sallamarki shi kenan, a dawo gida a hau kunun kanwa da suga cokali-cokali har arba'in.

Sista_Rabi: Wlh kin taɓo inda ke min ciwo. Ya kamata a sake gwaji sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan a riƙa dubawa lokaci-lokaci, domin wadda ta yi sugan ciki haɗarin ta kamu da suga na dindindin ya ninka na sauran mata sau bakwai zuwa goma. Lokacin ya yi daidai da kawo yaro rigakafi, amma uwa takan zo a yi wa yaro ta tafi ba ta ce komai ba mu ma layi ya yi mana yawa ba mu tambaya ba. Shayarwa na taimaka mata, wannan kam muna da shi alhamdulillah.

Zee_Kaduna: Likita su waɗannan furotin ɗin suna komawa daidai bayan haihuwa ko suna nan ƙasa? Don in suna nan ƙasa ai da su za a gane wadda suga zai dawo mata.

Dr_Mukhtar: Na mabiyiya suna tafiya da ita. Adifonektin da SHBG kuwa na jikin uwa ne, kuma ko a mutanen da ba su da ciki ƙarancinsu na tafiya da haɗarin suga nan gaba. Shi ya sa wasunmu ke ganin ciki tona abin da dama ke kwance yake yi. Ina da tiyata yanzu, in na fito zan duba.

Injiniya_Sani: Wannan ai maganata ce ta ɗazu likita ya dawo kanta 😄

Ramatou_Maradi: Sista Rabi tambaya guda, dabino da ake cewa mai ciki ta ci watan haihuwa don naƙuda ta zo da sauƙi, ni da lambata ta haura in ci ko in bari?

Hajiya_Babba: Dabino ai sunna ne.

Sista_Rabi: Sunna ne Hajiya, amma zaƙinsa ba wasa ba. Ramatu ki fara ganin lokotoro tukuna, in kin samu na'urar gida ki ci ƙwaya ɗaya ko biyu tare da gyaɗa ki auna bayan awa ɗaya ki ga me ya nuna, sai ki faɗa mana.